Tsofaffi Da Harajin Gida: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Tun Da Sauran Ƙarfi

Yau zancen haraji za mu yi. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da haraji, ai wannan tsakanin maigida ne da hukuma. To, 'yar'uwa, yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin harajin da za mu yi magana a kansa yakan jira mace ne a lokacin da ba ta da mai tsaya mata, watau bayan tsufa ya zo, maigida ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa.

Kowace mace burinta a ce yau ga ta a gidan kansu, babu mai buga ƙofa ƙarshen wata yana neman kuɗin haya. Ana yin adashi, ana sayar da ɗan kunne da sarƙa, ana haƙura da sabuwar atamfa, duk don a sa bulo a kan bulo. In an gama sai a ce alhamdu lillahi, an huta. Amma akwai ƙasashen da ko an gama biyan kuɗin gida tsaf, hukuma ba ta daina aiko da takardar haraji kowace shekara, kuma in aka kasa biya tana iya yin gwanjon gidan. Ƙasar Amurka tana kan gaba a wannan fanni. Can za mu leƙa mu ga yadda abin yake, da irin rangwamen da suka tanadar wa tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, kana mu komo gida mu ga abin da ya shafe mu.

Yadda harajin yake

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta karɓar harajin gida. Ƙananan hukumomi ne da hukumomin makarantu na kowane yanki suke karɓarsa, kuma da shi suke biyan malaman firamare da sakandare, da 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da gyaran titunan unguwa. Saboda haka ba sa wasa da shi ko kaɗan.

Akwai ma'aikaci na musamman wanda aikinsa shi ne yi wa gidaje ƙima. Yakan duba nawa aka sayar da gidajen maƙwabta, sa'an nan ya ce gidanki ya kai kaza. A kan wannan ƙimar ake yanka haraji. Yawansa ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A wasu wurare bai kai kashi 1 cikin 100 na darajar gida ba, a wasu kuma, kamar jihar New Jersey, yakan kai kashi 2 ko ya ɗan haura.

Ki lura da abu guda a nan. Harajin albashi yana bin abin da mutum ya samu, in samu ya ragu shi ma ya ragu. Harajin gida kuwa darajar ginin yake bi, bai san ko akwai tukunya a kan murhu ba. Mu ce wata mata da mijinta sun sayi ɗan gida a bayan gari tun suna da ƙuruciya, da kuɗi kaɗan. Shekara arba'in ta wuce, gari ya cim musu, an yi kwalta, masu hali sun gina manyan gidaje kewaye da su. Gidansu yana nan yadda yake, har rufin ya fara yoyo, amma a takardar hukuma darajarsa ta ninka sau goma. In aka yi masa ƙimar dala 300,000 aka yanka kashi 2 cikin 100, to, dala 6,000 ke nan kowace shekara, ga mutanen da ba su da komai sai ɗan fansho. A ido masu dukiya ne, a aljihu kuwa talakawa ne, gama ba a gutsurar katanga a kai kasuwa a sayo hatsi.

Dalilin da ya sa ya fi taɓa mata

A Amurka mata sun fi maza tsawon rai da kimanin shekara biyar. Ga shi kuma yawanci miji ya girmi matarsa. Saboda haka a ƙarshen rayuwa mace ce ta fi zama ita kaɗai a gidan.

Akwai kuma wata ƙa'ida a fanshon tsufa da gwamnatinsu take biya. In miji da mata duka suna karɓa, ɗaya ya rasu, wanda ya rage ba ya haɗa biyun. Wanda ya fi tsoka za a bar masa, ɗayan kuma a tsai da shi. Watau daga watan da aka yi rasuwa kuɗin da ke shigowa gida sun ragu, alhali kuwa takardar haraji ba ta rage ko kwabo ba. Ga kuɗin magani, ga na wuta da ruwa, ga na ɗumama ɗaki lokacin sanyi, wanda a can ba a iya rayuwa ba tare da shi ba.

Bugu da ƙari, a gidaje da yawa maigida ne yake buɗe wasiƙun hukuma, shi ya san ranar biya da ofishin da ake zuwa. Matar ba ta taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa nuna mata ba. Ranar da babu shi sai wasiƙu su yi ta taruwa a kan tebur, ido ya yi rauni, zuciya tana cikin jimami, har wa'adi ya wuce ba a sani ba. Wannan hali dai kin san ba a Amurka kaɗai ake samunsa ba.

Ɗan hakin da ka raina

Bari in ba ki labarin wata shari'a da ta yi suna. Wata dattijuwa mai suna Geraldine Tyler ta sayi ɗan gida mai ɗaki ɗaya a birnin Minneapolis na jihar Minisota a 1999. A 2010 ta tashi ta koma wani gida da aka tanada don tsofaffi, aka daina biyan harajin wancan. Asalin abin da ake bin ta dala 2,300 ne. Amma kafin 2015 tara da kuɗin ruwa da sauran caje-caje sun hau kai, bashin ya zama kimanin dala 15,000. Hukumar gundumar Hennepin ta ƙwace gidan ta sayar da shi dala 40,000, ta ɗebe bashinta, kana ta riƙe ragowar dala 25,000 ta ce dokar jiha ta ba ta.

Dattijuwar ba ta yarda ba. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta Amurka. Ranar 25 ga watan Mayu 2023, tana da shekara 94 a duniya, alƙalai tara duka suka haɗu a kan magana ɗaya, cewa hukuma tana da ikon karɓar abin da take bi, amma ba ta da ikon cinye abin da ya haura, domin wannan dukiyar mai gida ce. Bayan hukuncin sai da jihohi da dama suka gyara dokokinsu.

Madalla da wannan hukunci. Sai dai ki dubi lissafin da kyau. Kotu ba ta hana sayar da gidan wanda ya kasa biya ba, ragowar kuɗi kawai ta ce a mayar. Kuma ki ga yadda dala 2,300 ta zama 15,000 cikin 'yan shekaru. Tara da kuɗin ruwa sun ninka asalin harajin fiye da sau biyar.

Kafin wannan ma, a 2013 jaridar Washington Post ta tono wani abin tausayi a babban birnin ƙasar. Wani tsohon soja mai shekara 76, wanda ciwon mantuwa ya kama, ya rasa gidan da ya gama biyan kuɗinsa tuntuni, a kan bashin haraji na dala 134 kacal. Hukuma ta sayar da bashin ga wani ɗan kasuwa, shi kuma ya ɗora kuɗin lauyoyi a kai har abin ya fi ƙarfin tsohon, aka fitar masa da kayansa waje. Sai da jama'a suka yi ca a kan lamarin kafin majalisar birnin ta gyara dokar. Lalle masu iya magana sun yi gaskiya, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Hanyoyin rangwame

Ba yau aka gane wannan matsala ba. Fiye da shekara sittin ke nan jihohin Amurka suna neman dabarar da za ta bar tsofaffi a ɗakunansu, kuma kowace jiha da irin tata. Ga manyan hanyoyin.

Ta farko ita ce auna haraji da samun mutum. Jihar Wiskonsin ce ta fara a 1964, don tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Sun ba wannan tsari sunan na'urar nan da ke katse wutar lantarki in ta yi wa waya yawa, don kada gida ya kama da wuta. Haka shi ma yake aiki, da zarar haraji ya yi wa aljihu yawa sai ya katse. A jihar Masacusets, alal misali, wanda ya kai shekara 65 kuma samunsa bai wuce iyakar da aka sa ba, in harajin gidansa ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a shekara, gwamnatin jiha za ta mayar masa da abin da ya haura. Mu ce tsohuwa tana samun dala 20,000 a shekara, an yanka mata harajin dala 3,500. Kashi 10 na samunta 2,000 ne, saboda haka za a mayar mata da 1,500. Akwai iyakar abin da ake mayarwa, wadda a shekarar haraji ta 2023 aka ɗaga zuwa dala 2,590. Har 'yan haya ba a bar su a baya ba, domin an san mai gida yakan cusa harajinsa cikin kuɗin haya, don haka ake ɗaukar rubu'in kuɗin hayar a matsayin haraji.

Jihar Fensilbaniya tana da irin wannan tun 1971, kuma akwai abin da zai ja hankalinki a cikinsa. Sauran mutane sai sun kai shekara 65, amma matar da mijinta ya rasu, ko mijin da matarsa ta rasu, daga shekara 50 za su iya nema. Naƙasassu kuma daga shekara 18. A 2023 aka ɗaga mafi yawan abin da ake mayarwa daga dala 650 zuwa 1,000, aka kuma ɗaga iyakar samu zuwa dala 45,000 a shekara. Daga ribar cacar gwamnati suke ɗebo kuɗin wannan tsari, abin da mu a nan addininmu bai yarda da shi ba, amma tunanin da suka yi wa gwauruwa abin koyi ne.

Hanya ta biyu ita ce rage ƙimar gidan kafin a yanka haraji. In mutum yana zaune a gidansa da kansa, sai a cire wani kaso daga darajar, a yi lissafi a kan saura. Tsofaffi akan ƙara musu kaso a kan na kowa. A jihar New York ƙananan hukumomi suna da izinin rage wa tsoho mai ƙaramin ƙarfi kaso mai tsoka na ƙimar gidansa.

Ta uku ita ce daskarar da haraji. A jihar Teksas, da zarar mai gida ya kai shekara 65, harajin makarantu da ke kan gidan da yake zaune ba zai ƙara hawa ba, ko da darajar unguwa ta yi sama, sai fa in shi ne ya ƙara gini. In ya rasu, matarsa za ta ci gaba da cin moriyar wannan, muddin ta kai shekara 55 a lokacin rasuwar kuma tana zaune a gidan.

Ta huɗu ita ce jinkirta biya. Jihar Oregon tana cikin waɗanda suka fara ta tun farkon shekarun 1960. Wanda ya kai shekara 62 kuma ya cika sharuɗɗa, gwamnatin jiha ce za ta riƙa biya masa haraji kowace shekara, tana rubutawa bashi a kan gidan. Ba za a tambaye shi ba sai ranar da ya sayar, ko ya tashi, ko ya rasu. Wannan tana kwantar da hankalin tsoho, amma tana da ƙaya. Bashin yana tafe da kuɗin ruwa, kuma daga gadon 'ya'ya za a cire shi. Musulmar da ke zaune a can sai ta tambayi malamai kafin ta sa hannu, ta kuma sanar da magada, don kada su wayi gari su tarar rabin gida na hukuma ne.

Akwai ma ta biyar mai ban sha'awa. A garuruwa da yawa na Masacusets tsohon da ya haura shekara 60 yana iya zuwa ya taimaka a ɗakin karatu na gari, ko a makaranta, ko a ofishin hukuma, a lissafa awoyin da ya yi a rage masa haraji gwargwadonsu. Ya sami sauƙi, ya kuma sami abokan hira.

Wa zai cike giɓin?

Kada ki ɗauka kowa ne ke tafa wa waɗannan tsare-tsare. Kuɗin da aka yafe wa wani, wani ne zai biya su, in ba haka ba kuwa a rage malamai a makaranta. Abin da ya faru a Kalifoniya ya isa misali. A shekarun 1970 farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo a can, haraji ya bi shi, tsofaffi suka yi ta kuka za a raba su da gidajensu. A watan Yuni 1978 aka jefa ƙuri'a a kan wata shawara mai lamba 13, wadda wani dattijo mai suna Howard Jarvis ya yi wa jagora, kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka amince. Ta ƙayyade haraji a kashi 1 cikin 100, ta kuma hana ƙimar gida hawa fiye da kashi 2 a shekara sai in an sayar da shi.

Tsofaffi sun sami sa'ida, babu shakka. Amma dokar ba ta tambayi shekarun kowa ko samunsa ba. Attajiri da kamfani mai manyan gine-gine sun ci moriyarta daidai da gwauruwa, har ma sun fi ta, tun da dukiyarsu ta fi yawa. Kuɗin shigar ƙananan hukumomi ya faɗi ƙwarai, sai da gwamnatin jiha ta kawo wa makarantu ɗauki. Har yau za ki ga gida biyu iri ɗaya a jere, amarya da ango da suka saya bara suna biyan ninkin-ba-ninkin abin da maƙwabcinsu yake biya.

Don haka ne masana da yawa suka fi yabon hanyar farko, wadda take duban samun mutum. Ba kowane mai furfura ne mabuƙaci ba, kuma akwai matasa masu 'ya'ya biyar da suka fi wani tsohon shiga matsi. Taimako in an ba wanda yake buƙatarsa, kuɗi kaɗan sai su yi aiki mai yawa.

Sai an nema ake samu

Yanzu mun zo kan abin da na fi so ki riƙe. Yawancin waɗannan rangwame ba sa zuwa da kansu. Sai an cika fom, an kawo shaidar shekaru, da shaidar abin da ake samu, da takardar da ta nuna gidan na mai nema ne, kuma akwai ranar rufewa. Wasu ma kowace shekara sai an sabunta. Tsofaffi da yawa da suka cancanta ba sa samu. Wata ba ta taɓa jin labarin ba, wata fom ɗin ya fi ƙarfin idonta, wata kuma kunya take ji kada a ce tana bara, alhali kuwa haƙƙinta ne da doka ta ba ta.

Babbar matsala kuma ita ce suna a takarda. Maigida ya rasu, ba a je an sauya sunan mai gida ba, iyali suna zaune shekara da shekaru a gidan da a littafin hukuma har yanzu na mamaci ne. Ranar da matar ta je neman rangwame sai a ce ina shaidar naki ne? Wannan ya jawo wa iyalai da yawa asara, musamman baƙaƙen fata na kudancin Amurka, waɗanda suka gaji gidaje da gonaki kaka da kakanni ba tare da wasiyya a rubuce ba. Sai a 2019 jihar Teksas ta yi doka ta sauƙaƙa wa magajin da ke zaune a irin wannan gida ya nemi rangwamen.

To, mu fa a nan gida?

Iyayenmu sun san haraji da jangali, waɗanda gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke bayan sun hau mulki a 1979. Wancan harajin kai ne da na dabbobi. Na gida dabam yake, kuma yana nan a dokokinmu. Tsarin mulki na 1999 ya sa yi wa gidaje ƙima don karɓar haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamna, shi ya sa mai takardar shaidar mallaka yake da kuɗin ƙasa da zai riƙa biya duk shekara. Mutane da yawa sun manta da wannan, domin an daɗe ba a matsa ba. Amma gwamnatoci sun buɗe ido wajen neman kuɗin shiga. A watan Maris 2025 hukumar birnin tarayya Abuja ta ba da sanarwar soke takardun filaye 4,794 saboda an yi shekara goma ko fiye ba a biya kuɗin ƙasa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta fuskar rangwame kuwa, jihar Legas ta yi abin a yaba. Tun 2001 ta haɗa harajin gida da kuɗin ƙasa suka zama caji ɗaya. Dokar da ta yi a 2020 ta yafe wannan caji ga gidan da ɗan fansho ya mallaka kuma yake zaune a ciki. Ta kuma faɗaɗa ma'anar ɗan fansho ta haɗa da wanda ya yi ritaya daga aikin kamfani, da duk wanda ya kai shekara 60 ya daina aikin neman kuɗi. Wannan gyara yana da muhimmanci gare mu, domin yawancin mata ba su taɓa karɓar albashin gwamnati ba, balle fansho. 'Yan'uwanmu da suka tsufa a Agege da Idi-Araba, in gidan nasu ne kuma a ciki suke kwana, ya kamata su je su tambaya. Ga shi nan ma sharuɗɗan biyu ne, mallaka da zama, kuma duka sai da shaida.

Ƙungiyoyinmu na mata suna da abin yi a nan. Duk lokacin da aka ji majalisar jiha tana shirya dokar harajin gidaje, a tashi a je a tambaya, me aka tanadar wa tsohuwar da ba ta da komai sai ɗakin da mijinta ya bar mata? Gyara tun doka tana kan tebur ya fi sauƙi a kan kuka bayan an sa mata hannu.

Shawara gare ki

Uwargida, ki nemi lokacin da maigida yake cikin nishaɗi, ki tambaye shi cikin ladabi ina takardun gidan nan suke, sunan wa ke kansu, kuma akwai abin da ake biya wa hukuma duk shekara? Wannan ba fatan mutuwa ba ne, kuma ba kwaɗayin gado ba ne. Namiji mai hankali zai ji daɗi ya ga iyalinsa ta damu da rufin asirin gida. A sami jaka ɗaya da ruwa ko gara ba za su taɓa ba, a tara takardun da rasit na kowace shekara a ciki, a kuma ɗauki hotonsu a ajiye a wani wuri dabam.

In Allah ya kawo rasuwa aka raba gado, kada a tsaya ga maganar baka. Shari'a ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. A karɓi takardar kotu da ta nuna rabon kowa, a je ofishin filaye a gyara suna. In magada sun yarda a bar wa tsohuwa gidan ta zauna iyakar ranta, a rubuta wannan ma a gaban shaidu, a kuma faɗi wanda zai riƙa biyan abin da hukuma take bi.

In takardar hukuma ta zo, kada a cusa ta ƙarƙashin katifa. A karanta ta ran nan. In babu halin biya, a je ofis a faɗa, a tambaya ko akwai rangwame ga tsofaffi ko damar biya kaɗan-kaɗan, gama matambayi ba ya ɓata. Kada a miƙa kuɗi ga wanda ya zo ƙofar gida ba tare da shaidar aiki da rasit na hukuma ba. Wadda kuma take da 'yan'uwa da suka tsufa a Amurka ko Ingila, in kun yi waya ta tuna musu su bincika abin da garinsu ya tanada, domin a Ingila ma wanda yake zaune shi kaɗai ana rage masa rubu'in harajin ƙaramar hukuma, in ya nema.

Ke kuma 'yar makaranta, nan ne karatunki zai fara amfani tun kafin ki karɓi satifiket. In kin je gaida kaka, ki tambaye ta ko akwai wata takarda da aka kawo da ba a karanta mata ba. Ki karanta mata a hankali, ki duba kwanan wata da adadin kuɗin, ki sanar da babanki ko kawunki abin da kika gani. In ana buƙatar cika fom ki cika mata da rubutu mai kyau. Ki kuma dage da darasin lissafi, ki iya fitar da kashi cikin ɗari, domin kin ga da shi ake yanka haraji, da shi kuma ake gane in an yi wa mutum cuta. Wannan aiki ba ya cin rabin awa, amma yana iya zama dalilin da kakarki za ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta, kusa da maƙwabtan da ta saba da su.

Allah ya ba mu ikon kula da iyayenmu kamar yadda suka kula da mu muna ƙanana, ya rufa mana asiri a tsufanmu, amin.